Kiran Ɗan Fari a Kan Kogin Nilu

Duk Tsiga an san bakina. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, babu hedimastan da ya taɓo ni ya kwana lafiya. Da na yi ritaya na koma sayen masara da waken suya ina ajiyewa, dillalan kasuwar Bakori har layi suke canzawa in sun hango lulluɓina. Ba na barin magana ta kwana a cikina. Amma akwai kalma guda da bakin nan bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa ta, ita ce sunan ɗana na fari.

Gidanmu Fulani ne da suka zauna suka kama fartanya. Fillanci ya tafi, shanu sun ragu, kunya ce kawai ta ƙi tafiya. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cin abinci yana kallo. Ranar da aka yaye shi Innata ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta, katanga ɗaya ce tsakanin gidan aurena da nata. Ya tashi yana ce mata Inna, ni kuma yana ce mini Yaya, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ni kuwa in zan ambace shi sai in ce yaron nan. Ya yi karatu, ya zama injiniya a Abuja, ya yi aure, ya tara iyali, furfura ta fito masa a gemu, yana nan a yaron nan. Har 'yan ajina masu irin sunansa, tun ranar farko nake sa musu laƙabi in huta.

Kada wani ya ce mugunta ce. Haka uwata ta yi wa babban yayanmu, haka aka yi wa mijina a gidansu, ba mu taɓa ganin aibun abin ba. In ina da magana da shi, autata da ke aure nan cikin gari ita ke kaiwa, ta kawo mini amsa. In ya zo gaishe ni sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma in kalli bango in ce, "An zo lafiya? Ya mutan gidan?" Ya ce lafiya lau, ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. Da haka muka rayu. Inna ta rasu, mahaifinsa ya rasu, ba abin da ya canza.

Wata damina, masara ta yi goyo, auta ta shigo da saƙo wai yayanta ya ce in shirya zai kai ni Misra a duba mini gwiwa. Na ce ta gaya masa ba inda za ni. Wa ke barin gona a irin wannan lokaci ya tafi yawon duniya? Gwiwa kuma ai tare muka tsufa, mun saba da juna. Ba a jima ba sai ga matarsa ta zo ita kaɗai, ba sanarwa, ta shigo ɗakina ta mayar da ƙofa ta zauna a ƙasa. Tun kafin ta buɗe baki na ga idonta na ce, "Ke, lafiya?"

"Mama, ciwon daji ne a hantarsa," in ji ta. "Ya daɗe yana zuwa Misra asibiti, yana ce muku aiki ne. Zuwan da ya yi na ƙarshe likitoci sun ce sun yi iyakar abin da za su iya. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya miki ba, ga shi na karya. Don Allah ki bi shi. Ba don gwiwa ba ne, so yake ya zauna da ke."

Na ce ta share fuskarta kada yara su gani, na sa aka kawo mata fura. Da ta tafi na shiga ɗakin da nake ajiye hatsi na zauna a kan buhu. Ban yi kuka ba, ban ma san ta inda ake fara yi wa ɗan fari kuka ba. Abin da na yi shi ne na gwada faɗin sunan, ni kaɗai, ba kowa sai buhuna da ɓeraye. Na buɗe baki, harshe ya tashi, sai maƙogwaro ya rufe ruf. Nan tsoro na gaske ya kama ni. Yaron nan zai koma ga Ubangijinsa bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba. A kan buhun nan na yi wa kaina alkawari, ba zan dawo Tsiga ba sai na dubi fuskarsa na kira shi da sunansa.

Mun tashi ta Kano mu uku, ni da shi da matarsa. A Alƙahira likita ya lallatsa gwiwar ya ce tsufa ne, ya rubuta man shafawa, abin da mai kemis na Funtua ya gaya mini tun tuni. Daga nan yaron ya sa matarsa ta gaya mini wai ya kama mana wuri a wani jirgin ruwa na alfarma, za mu yi 'yan kwanaki muna hutawa a kan Kogin Nilu. Na ce hutu kuma, ni da ban tsinana komai ba tun da muka zo? Muka sake hawa jirgin sama zuwa kudu. Sai da muka isa bakin ruwa, ana ɗaukar kayanmu, matar ta dafe goshi ta ce ita ruwa jiri yake sa ta, za ta bi mota ta jira mu a garin da jirgin zai sauke mu. Na harare ta, ta sunkuyar da kai. Ashe shiri suka yi, an ɗauke mini 'yar aike.

Ni da aka ce jirgin ruwa, kwalekwalen masunta na dam ɗin Mairuwa ne ya zo mini a rai, har tsohon zane na ɗaura saboda jiƙewa. Tabɗi! Gida ne sukutum aka ɗora a kan ruwa. Dogo ne siriri, katakonsa na sheƙi, da manyan fararen ƙyallaye a sama da iska ke turawa, in iska ta ɗauke kuma wani ƙaramin jirgi mai inji ya ja mu da igiya. Ɗakunan kwana kaɗan ne, mu fasinjoji ba mu cika rabin aji ba, masu hidima sun fi mu yawa. Tun a ƙofa aka miƙo mini ɗan tawul mai sanyi da wani jan abu a kofin gilashi mai dogon wuya. Na kurɓa, sai na ji zoɓo ne. Zoɓon da muke shukawa a kan iyakar gona! Ɗakina kuwa ga gado fari fat kamar ba a taɓa kwanciya a kai ba, ga banɗaki mai ruwan zafi, ga taga tun daga sama har ƙasa, ruwa na wucewa dab da ƙafata. A kan gadon sun naɗe tawul sun yi siffar kada da shi, har da idanu. Na warware shi na rataye, na ce ba zan yi salla wannan abu yana kallona ba. Washegari suka yi mini tsuntsu.

Duk wannan daula ban ji daɗinta ba ko na minti ɗaya, don tun ranar farko na gane illar ƙaramin jirgi, babu wurin ɓuya. A gida in ya shigo tsakar gida sai in faɗa madafa. A nan ɗakinsa na jikin nawa, matakala ɗaya ce, rumfa ɗaya ce a sama, teburin cin abinci ma ɗaya ne dogo, kowa da kowa a kai. Da yamma aka ja mini kujera kusa da tasa, kafaɗa da kafaɗa.

Sauran fasinjojin Turawa ne, yawanci tsofaffi. Wadda ke fuskantata wata tsohuwa ce mai farin gashi, ita ma da ɗanta ta zo, ƙato mai sanƙo. Sunansa ba ya barin bakinta. Wane miƙo mini gishiri, wane ina hularka, wane dubi tsuntsun can. Har hannu ta sa ta goge masa miya a gemu a gaban jama'a. Na ce a raina, ji rashin ta ido! Sai kuma na kama kaina ina kallonsu ko ƙiftawa ba na yi.

Turancina na koyarwa bai gudu ba, don haka da ta juyo ta gaishe ni na amsa. Ta ce wannan ɗanki ne? Na ɗaga kai. Ta ce kai, kuna kama sosai, yaya sunansa?

Ga dama ta zo har gida, wata ce ta tambaya, amsa kawai zan ba ta. Na ji sunan ya taso daga ciki ya zo ya tsaya a wuya. Sai yaron ya yi dariya ya faɗa mata sunan da kansa, ya ƙara da cewa a garinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce ta gado. Tsohuwar ta zaro ido ta ce, ko sau ɗaya? Ya ce, "Ni dai ban taɓa ji ba." Yana murmushi ya faɗa, yana juya cokali a cikin abincin da bai ci ba. Na tashi na ce kaina ke ciwo, na sauka ɗaki. Daga ranar a ɗaki ake kawo mini abinci.

Jirgi na bin kogi yana lanƙwasa, alƙibla ba ta zama wuri ɗaya. Saboda haka duk lokacin salla sai ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, ya ce, "Yaya, yanzu ta koma wajen taga," ko kuma, "Yaya, ki fuskanci kusurwar can." Kowane zuwa sai na shirya masa. In ji takunsa, in gyara zama, in ce yanzu kam sai na faɗa. Ya buɗe ƙofa, in saci kallonsa in ga wuyansa na yawo a cikin wuyan riga, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, sai in ji bakina ya ce, "To, an gode." Ya ɗan tsaya kamar mai jiran ƙari, sannan ya ja ƙofa. In tayar da salla ban san abin da nake karantawa ba.

Na yi addu'a a jirgin nan irin wadda ko a Arfa ban yi ba. Na roƙi Allah Ya ba shi lafiya, na roƙa a ɗebi sauran kwanana a ƙara masa, da na ga kamar na wuce wuri sai na sauko na ce, ya Rabbi, ko bakin nan kawai Ka buɗe mini. Ina shiga banɗaki in kunna famfo don kada a ji ta bango, in tsaya gaban madubi ina gwadawa. Farkon sunan kan fito, sauran sai iska. Tsohuwa mai jikoki, wadda ta koya wa rabin gari karatu da babbar murya, tana tsaye tana koyon kalma ɗaya ta kasa. Wallahi na ji haushin duk wanda ya fara ƙirƙiro abin nan, na ji haushin farin gadon, har tsuntsun tawul sai da na yi jifa da shi.

Kullum jirgin kan tsaya a kai mutane kallon gine-ginen Fir'auna. Sau ɗaya ya matsa muka bi su. Duwatsu ne jibga-jibga da zane-zane, mai yi mana bayani yana ta zuba, ni ba abin da nake gani sai bayan yaron nan. Tun ba a yi nisa ba ya fara ja da baya, ya sami wani dutse a inuwa ya zauna yana haki, wai takalminsa ne ke matsa masa. Na tsaya nesa kaɗan na juya ina kallon bango, yadda na saba. Hannuna na ƙaiƙayi in dafa shi. Tsohuwar Baturiyar ce ta zo ta ba shi ruwa, ta taɓa goshinsa, ta yi masa fifita da hularta. Wata can daga wata ƙasa, shekaranjiya ta san shi, tana taɓa goshin ɗana, ni ina nan ina karatun bangon Fir'auna.

Da muka koma jirgi na lura tiren abincin da ake kai masa ɗaki yadda ya shiga haka yake fita. Kifi, nama, 'ya'yan itace iri-iri, an jera su kamar za a ɗauki hoto, ko taɓawa ba ya yi. Na ɗauki waya na kira auta a Tsiga. Bayan ta ba ni labarin gona na ce, "Ki kira yayanki ki ce na ce ya daure ya riƙa cin abinci."

Ta ce, "Mama, yana ina yanzu?"

"Yana ɗakinsa."

"Ɗakin nasa yana ina?"

"Ga shi nan jikin nawa. Ke ina ruwanki da tambaya, aike na ba ki."

"Saƙo ya taso daga Misra ya zo Tsiga ya koma Misra, alhali katako ɗaya ne tsakaninku? Mama, tun ina ƙarama nake kai muku aike, ban taɓa ƙi ba. Wannan kam ki yi haƙuri, ba zan kai ba. Na san abin da ke damunsa, na kuma san kin sani. In kika bari ya tafi a haka..." Kuka ya ci ƙarfinta ta kashe wayar. Yarinyar da na haifa ta kashe mini waya! Na wanke ta tas ita da ba ta ji, sannan na zauna a bakin gado, don na san gaskiya ta faɗa.

Ba macen garinmu da ke tafiya ba ƙulli. A ƙasan akwatina akwai garin gero da tsamiya da citta. Na kwasa na nemi madafar jirgin. Kukun, wani baƙin mutum mai fara'a ɗan ƙauyukan bakin kogin, ya so ya hana ni, wai fasinja ba ya shiga. Na ce masa da Hausa ya matsa, ya kuwa matsa. Na jiƙa tsamiya, na dama kunu mai ɗan ruwa-ruwa, ya fito sumul, na ba wani ma'aikaci na nuna masa ƙofar da zai kai.

Da la'asar ta gabato ya zo nuna alƙibla da kofin a hannunsa, ba komai a ciki. Ya ce, "Yaya, na shanye, ya kuma zauna mini. Rabona da irin wannan kunu tun Inna na da rai. Sak nata."

Ban san lokacin da na juyo ba. "Inna? Inna ta iya dama kunu ne? Allah Ya jiƙanta, kununta gudaji ne kamar tsakuwa, ko mahaifina ba ya sha!"

Ya tsaya yana kallona. Duk shekarun da ya yi a gidan Inna, kullum da safe ni ke damawa in rufe a kwano in miƙa mata ta kan katanga, ita kuma ta ba shi a matsayin nata. Ban taɓa nufin ya sani ba. Na ga abin yana shigarsa a hankali, ya dubi kofin, ya dube ni. Karo na farko ke nan da muka haɗa ido muka daɗe. Na ce a raina, yanzu, ke tsohuwar banza, yanzu! Sai ladan a wani ƙauye na bakin ruwa ya kira salla, na sunkuyar da kai na ce, "Ina aka ce ta koma?" Ya nuna mini taga ya fita.

Daga ranar kullum ina dama masa. Wata rana ya zauna, wata rana ya dawo. Wata safiya bayan sallar asuba na ji shi ta bango yana ta amai, yana yi yana nishi yana kiran sunan Allah a hankali don kada in ji. Na sa tafin hannuna a jikin katakon, na bar shi a wurin har ya yi shiru. Taku kaɗan ne zuwa ƙofarsa, ƙafata ta ƙi. Da rana ta fito ma'aikaci ya shigo mini da shayi da furanni a kan tire yana murmushi, yana tambaya ko ina jin daɗin tafiyar.

Ranar ƙarshe ta zo ban yi komai ba. Tun da hantsi ma'aikata suka fara fitar da akwatuna suna jerawa. An ce kafin azahar za mu isa, matarsa na jira a bakin ruwa, daga nan sai jirgin sama, sai Abuja, sai asibiti da 'yan dubiya, ɗaki cike da surukai da abokan aiki. Na san in na sauka daga jirgin nan a haka, shi ke nan, na koma kallon bango har a zo a ɗauke shi.

Na hau sama da ƙyar ina jan gwiwa. Turawa na gefe guda a kan dogayen kujeru suna shan rana. Shi yana tsaye can gaba ya dafa ƙarfen gefen jirgi, ya ba ni baya, iska na kaɗa rigarsa kamar an shanya ta a igiya. Muna wuce gonakin rake, kore shar har bakin ruwa, ga wani manomi da jakinsa, ga injin ban ruwa yana ta ƙara, ka rantse fadamar Danja ce. Na zauna a kujera a bayansa, da 'yar tazara tsakaninmu. Bai gan ni ba, ba fuskar da zan ji wa nauyi. Na runtse ido na yi bismilla na saki.

Ya fito a shaƙe, ni kaina da ƙyar na ji. Na ja numfashi na sake, wannan karon da muryar da nake kiran ɗalibi daga ƙarshen filin makaranta. Sunan ya fita duka, har Turawan suka ɗago.

Ya juyo firgigit. Ya dubi wajen matuƙi, ya dubi matakala, ya leƙa ƙasa wajen ma'aikata, har gaɓar kogi ya duba wajen mai jaki. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce, bai tsaya ba. Ya nemi mai kiran a ko'ina ban da inda nake, don bai san yadda sunansa yake a bakina ba. Da ya rasa sai ya matso ya rusuna ya ce, "Yaya, kin ji kamar an kira ni?"

Ga hanyar gudu a buɗe, in ce ban ji ba a wuce wurin. Na damƙi hannun kujera na dubi tsakiyar idonsa na ce, "Ni ce."

Ya daɗe a rusune yana kallona kamar bai jin Hausa. Sannan ya miƙe a hankali ya ce, "Yaya, don Allah sake. Ban shirya ba." Ya juya ya koma inda yake, ya dafa ƙarfen yadda ya dafa da farko, ya ba ni baya, ya tsaya yana jira. Mutum da furfurarsa, mai 'ya'ya a jami'a, kafaɗunsa na rawa.

Na kira shi.

"Na'am, Mama," in ji shi, yadda ƙannensa ke amsawa. Ya zo ya zauna a ƙasa a gabana, a kan katakon jirgi, ya ɗora kansa a kan gwiwar da aka zo da ni Misra dominta. Na cire masa hula. Magani ya cinye gashin, kan ya yi ƙwal kamar ranar suna. Na dafa shi na ce, "Na san komai. Matarka ta gaya mini, kada ka yi mata faɗa." Ya ce ai ya san na sani tun ranar da na yarda na baro gona da damina. Muka yi kuka a gaban Turawa da ma'aikata da kowa, ban rufe fuska ba. Tsohuwar nan ta taso ta ajiye mana tawul a gefe, ta koma wurinta.

Da muka dawo bai zauna Abuja ba. Ya ce a kawo shi Tsiga, a ɗakina aka shimfiɗa masa katifa, matarsa na gefe ɗaya ina gefe ɗaya. Na dama kunu na ba shi da hannuna. Ina kiransa safe da yamma, da dalili da ba dalili, in kira shi in tambaya ko a buɗe taga, in sake kira in tambaya ko a rufe. Tsofaffin unguwa masu zuwa dubiya in sun ji sunan a bakina sai su kalli juna. Gwaggonsa har ta ja ni gefe ta ce, "Ke kuwa ba kya jin nauyi?" Na ce mata ta sha furarta ta kama hanya tun muna ganin mutuncin juna.

An karya masara an kai gida, dawa ta fara ja. Wata safiya na shigo da kunu, rana ta riga ta shigo ta taga ta sauka a kan katifar. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na kira shi bai amsa ba. Na ce ko bai shirya ba ne. Na ajiye kofin, na zauna a bakin katifar, na ba shi lokaci, na sake kira.